Masu Binciken Ƙwaƙwalwa da Yaron da Ya Faɗi a Aji

Bara, sa'ad da aka rarraba mu makarantu domin gwajin koyarwa, ni aka tura ni wata firamare a nan ƙasar Girei, aka ba ni aji huɗu. Ran nan da hantsi muna cikin lissafi, na juya ina rubutu a allo, sai na ji wata irin ƙara, benci ya kife. Ko da na waiwaya sai ga wani yaro, shekarunsa ba su fi goma ba, kwance a ƙasa. Jikinsa ya sandare, sa'an nan ya shiga fizge-fizge, kumfa tana fita daga bakinsa. Kafin in ajiye alli aji ya watse, waɗansu ta ƙofa, waɗansu ta taga. Wata yarinya tana gudu tana cewa, "Malam, kada ka taɓa shi! In yawunsa ya taɓa ka, kai ma ka ɗauka!"

Ba zan ɓoye muku ba, 'yan'uwa, ni ma tsayawa na yi ƙiƙam. Shekara biyu na yi a Kwalejin nan ina koyon shirya darasi da riƙon aji, amma ran nan duk ba su amfane ni da kome ba. Da yaron ya farfaɗo ya duba, ba kowa a ɗakin sai ni, ni ɗin ma daga nesa. Kashegari ubansa ya zo, muka gaisa, ya ce, "Malam, a yi mana haƙuri, jiya mun tayar muku da hankali. Zan cire shi, ya riƙa bin yayyensa gona." Na ce, "Baba, don Allah a dakata tukuna." Ya ce, "A dakata har yaushe, Malam?" Na rasa amsa.

Rashin amsar nan shi ya kai ni ɗakin karatu. Abin da na samo shi na ke so mu duba tare a wannan darasi: mece ce ƙwaƙwalwa, su wa ke bincikenta, wace wahala su ke sha a ƙasarmu, kuma ina ruwan malamin makaranta da su.

FADAR JIKI

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, watau wajen fam uku ke nan. Nauyinta kashi 2 ne kurum cikin 100 na nauyin jiki, amma tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci.

Mu kwatanta ta da fada. Labari yana shigowa fada daga ido da kunne da hanci da fata, umarni kuwa yana fita zuwa hannu da ƙafa da harshe. Manzannin da ke kai da kawowa su ne jijiyoyi. Ku lura, a Hausa kalma ɗaya mu ke da ita ga abu uku: hanyar jini jijiya ce, igiyar da ta ɗaure nama da ƙashi jijiya ce, hanyar saƙo ma jijiya ce. A darasin nan ta ukun mu ke nufi.

Fadar da manzanninta an gina su da waɗansu ƙwayoyi ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. A 2009 wata masaniya 'yar ƙasar Burazil, Suzana Herculano-Houzel, ita da abokan aikinta suka ƙidaya na cikin kan mutum, suka sami wajen miliyan dubu 86. Kowace ƙwaya tana da rassa kamar itace, da su ta ke karɓar labari, tana kuma da doguwar jela guda wadda ta ke aika nata da ita. Saƙon ɗan ƙanƙanen lantarki ne, a jijiyoyi mafiya sauri yakan ci fiye da mita 100 cikin daƙiƙa guda, watau tsawon filin ƙwallo kafin ka ce "ɗaya".

Ga abin mamaki. Jelar wannan ƙwaya ba ta haɗe da reshen waccan ba, akwai 'yar tazara tsakaninsu. Kafin a gina gadar Jimeta, wanda ya taso daga Girei za shi Yola, in ya iso bakin Binuwai tilas ya tsaya sai ɗan fito ya ƙetarar da shi. To, haka saƙo ke yi. In lantarki ya iso ƙarshen jela, sai ta saki wani sinadari, shi ne ɗan fito, ya haye ya buga wa ƙwaya ta gaba ƙofa. Yawancin magungunan da ke aiki a ƙwaƙwalwa a wannan mafita su ke yin aikinsu, haka kuma ƙwayoyin maye da ke lalata samarinmu. Koyo ma a nan ya ke zama, gama mafitar da a ke yawan bi ita ke ƙara ƙarfi, wadda aka bari kuwa sai ta yi rauni. Asirin bita ke nan.

Waɗansu saƙonni "tashi" su ke cewa, waɗansu "dakata", da haka fada ke zaune lafiya. Amma in ƙwayoyi masu yawa suka saki lantarkinsu gaba ɗaya ba tsari, kamar garken shanu ya firgita, sai mutum ya faɗi yana fizge-fizge. Farfaɗiya ke nan. Galibi cikin minti ɗaya ko biyu garken yakan natsu. Ba wata ƙwayar cuta a cikin yawun, ba a kuwa ɗaukarta ta taɓawa ko ta cin abinci tare.

YADDA AKA GANO

Wannan sani ba a tsince shi rana ɗaya ba. Takarda mafi tsufa da aka samu wadda ta ambaci ƙwaƙwalwa a nan Afirka aka rubuta ta, a Masar, wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Almasihu, tana bayanin raunukan kai. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya lissafta farfaɗiya cikin cututtukan kai a littafinsa na likitanci. A 1873 wani likitan Ingila, John Hughlings Jackson, ya bayyana cewa tashin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne farat ɗaya fiye da kima ke kawo ta.

A wannan shekara kuma wani likitan Italiya, Camillo Golgi, ya gano yadda za a rina ƙwayoyin da ruwan azurfa har a gan su ɗaya ɗaya. A ina ya yi aikin? A ɗakin girkin wani asibiti, gama ba shi da ɗakin gwaje-gwaje. Sai wani ɗan Sifaniya, Santiago Ramón y Cajal, ya ɗauki rinin ya gyara, ya ce ƙwayoyin a rabe su ke. Ƙasarsa a lokacin ba a lissafta ta cikin masu kimiyya. Da kuɗin aljihunsa ya sayi madubinsa na fari, da kuɗinsa ya riƙa buga mujallarsa, da ya ga ba mai karantawa, a 1889 ya ɗauki kayansa ya tafi taron masana a Balin ya ce su leƙa da idonsu. Golgi bai yarda da shi ba, shi a ganinsa ƙwayoyin a saƙe su ke kamar koma. A 1906 aka raba musu kyautar Nobel su biyu, suna kan gardama. Sai bayan 1950, da aka sami madubi mai aiki da lantarki, aka ga tazarar, gaskiyar Cajal ta fito.

A 1912 wani likitan Jamus, Alfred Hauptmann, ya lura maganin barcin nan fenobabitol yana hana faɗuwa, har yau kuwa ana amfani da shi saboda arharsa. A 1924 Hans Berger, shi ma Bajamushe, ya fara auna lantarkin ƙwaƙwalwar mutum ta bisa fatar kai. Na'urarsa ce likitoci ke kira EEG.

NAMU NA GIDA

Kada wani ya zaci aikin nan na Turawa ne kaɗai. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai a saukar da su a ƙauyukan kewaye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, yana kuma shawara da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1962 Dokta Latunde Odeku ya komo daga Amurka ya buɗe sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan, wadda mu ke ce wa Badun.

Wanda aikinsa ya fi shiga raina shi ne Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, wanda ya rasu a 1995. A ƙasar Ijebu akwai wani ciwo da ke sa manya tangaɗi, ƙafa ta mutu, gani da ji su ragu. Ya shiga ƙauyuka, ya tambayi abin da mutane ke ci, ya auna jininsu. A wajen 1968 ya nuna ciwon yana da dangantaka da yawan cin rogon da ba a jiƙa an gyara sosai ba, gama akwai dafi cikin rogo mai ɗaci. Likitan da ke zaune a London yaushe zai yi wannan tambaya, shi da ba ya cin rogo?

Shi ne kuma, tare da wani masani na Amurka, Hugh Hendrie, suka fara gwada tsofaffin Badun da tsofaffin baƙar fata na birnin Indianapolis a 1992, a kan ciwon mantuwa na tsufa. Rahoton 2001 ya nuna waɗanda ciwon ke kamawa kowace shekara a Badun ba su kai rabin na can ba. Ashe abin da aka auna a wata ƙasa ba lalle ya zama awonmu ba. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

ABIN DA KE TAƁA ƘWAƘWALWAR YARANMU

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi. Ta ce har 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai, amma a ƙasashe mafiya talauci wajen 3 cikin 4 ba sa samu. Me ya sa ta fi yawa a wajenmu? Saboda abubuwan da ke yi wa ƙwaƙwalwa tabo sun fi yawa.

Akwai doguwar naƙuda, inda jariri ke rasa iska. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai. Akwai faɗuwa daga babur ba hular kwano. Akwai tsutsar ciki irin ta alade, wadda ƙwanta ke bin bayan gida ya shiga ruwa ko ganye, har wanda bai taɓa cin naman ba ya iya haɗiye shi, ya je ya yi gida a ƙwaƙwalwa. Akwai sanƙarau, mu kuwa muna cikin yankin da ta saba zagawa da bazara. A 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda su kan tsira daga irinta wajen 1 cikin 5 yakan tashi da kurumta ko farfaɗiya ko nauyin fahimta. A 2010 dafin dalma daga haƙar zinariya ya kashe yara wajen 400 a Zamfara, ya bar waɗansu da lahani a ka.

A Gwandu ta Jihar Kebbi, Dokta Musa Watila da abokan aikinsa sun bi gida gida da tambayoyin da aka juya zuwa Hausa. Rahotonsu na 2021 ya nuna farfaɗiya ta fi yawa a can nesa ba kusa ba bisa garuruwa biyu na Kudu da suka gwada, Afikpo da Ijebu-Jesa. A maƙwabciyarmu Kamaru kuma, a kwarin kogin Mbam, an tarar ta fi yawa a ƙauyukan da makantar nan ta ƙudan bakin kogi ta fi yawa. Irin wannan tambaya ta cancanci a bi ta sosai a kwarin Hawal da na Taraba, inda aka daɗe da sanin wannan makanta. To, su wa za su bi ta, da me kuma?

WAHALOLIN MASU BINCIKE

Ta fari, ƙarancin mutane. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna a ƙasashe mafiya talauci likitan ƙwaƙwalwa da jijiya 1 ne ga mutum miliyan guda, alhali a ƙasashe masu arziki 71 ne. Likitan da layin marasa lafiya ke jiransa tun asuba, yaushe zai zauna bincike?

Ta biyu, kayan aiki da wuta. Dokta Mahmoud Bukar Maina, mutumin Yobe wanda ke aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila, shi da abokan aikinsa sun tattara takardun binciken ƙwaƙwalwa da aka yi a Afirka daga 1996 zuwa 2017, suka sami 5,219. Masar ce ta fari, sai Afirka ta Kudu, Nijeriya ta uku da wajen kashi 11 cikin 100. Da suka duba na Nijeriya, sai suka ga kaɗan ƙwarai ne aka yi da manyan na'urorin zamani, da yawa kuwa gwajin itatuwan magani ne a kan ɓeraye. Ko an sami na'urar ma, sai wuta. Akwai abin gwajin da ba ya ajiyuwa sai a firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da na ƙanƙara. Kun tuna a 2024, da aka lalata turakun waya tsakanin Jos da Gombe, makonni muka yi cikin duhu a nan Yola. Mu nama da ruwan sanyi muka rasa. Mai bincike kuwa, in janaretansa ya tsaya kwana biyu, aikin shekara uku ya narke.

Ta uku, kuɗi. Ƙasashen Afirka sun ɗauki alkawarin ba bincike kashi 1 cikin 100 na arzikinsu, Nijeriya ba ta kusanci wannan ba. Sinadaran gwaji kusan duk daga waje a ke sayo su, dala kuwa wadda ta ke wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Binciken su Dokta Maina ya nuna ayyukan da suka fi yin suna, yawancinsu kuɗin waje ne ya ɗauke su. An gode wa masu bayarwa, amma wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓen waƙa, ba kullum ne kuwa ciwon da ya dame su shi ne ya dame mu ba.

Ta huɗu, bugawa. Mai bincike ba ya samun ƙarin girma sai ya buga aikinsa a mujallar masana, manyan mujallu da yawa kuwa shi su ke caja domin kowa ya karanta kyauta. A 2023 editocin mujallar NeuroImage, su fiye da 40, suka ajiye aiki rana ɗaya saboda kuɗin bugawa ya kai dala 3,450, suka kafa tasu mai sauƙi. A canjin 2024 wannan ya fi naira miliyan 5. Ko da ya ke akan rage wa mutanen waɗansu ƙasashe, abin da ya ishi masanan Turai har suka yi yaji, ina ga namu? Ƙidayar takardu kuma tana da nata lahani, gama tana sa mutum ya yanka aiki guda gunduwa-gunduwa, ya gwada ɓeraye shida ya yi shela. Wannan ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. A 2013 waɗansu masana na Ingila da Amurka suka nuna binciken ƙwaƙwalwa da yawa a duniya an yi su da mutane ko dabbobi kaɗan ainun, har ba a iya dogara da sakamakonsu.

Ta biyar, ƙaura. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aiki. Saurayin da ya sami gurbi a waje, in ya ƙware, ya tuna ba wuta ba na'ura a gida, sai ya yi zamansa. Wanda ya zauna gida kuma, in aka gayyace shi babban taron masana a Amurka ko Turai, sau da yawa biza ko kuɗin jirgi ke tsare shi. Da Cajal bai isa Balin ba, wa zai san shi?

Ta shida, amana. Lokacin sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani, Trovan, da yara wajen 200 a Kano, rabi aka ba su sabon, rabi wani na dā. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji a ke yi ba, kamfanin ya musanta laifi ya ce cutar ce ta kashe su, a 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Tsoron da abin ya bari yana cikin dalilan da aka ambata sa'ad da aka ƙi rigakafin shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. Saboda haka mai bincike na kirki ba ya taɓa kowa sai ya bayyana masa da harshen da ya ke ji, ya kuma sami yardarsa.

DABARUN DA AKA FARA

Duk da haka ba a naɗe hannu ba. A 1993 masanan ƙwaƙwalwa na Afirka suka kafa ƙungiyarsu, SONA, a Nairobi, Nijeriya ma tana da tata. A 2011 aka kafa wata, TReND in Africa, mai koya wa matasa ƙera kayan gwaji masu arha da yin bincike da ɗan mitsitsin ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓen mangwaro. Kada ku raina shi. Cikin kwana goma ya ke girma daga ƙwai, ɗan ƙullun masara ya ishe shi a kwalba, kuma fiye da rabin ƙwayoyin gadon da ke jawo wa mutum cuta suna da takwara a jikinsa. A 2024 aka gama zana taswirar ƙwaƙwalwarsa duka, ƙwayoyi kusan 140,000. A Badun kuma Farfesa James Olopade ya daɗe yana nazarin ƙwaƙwalwar gafiya, dabbar da ke bayan gidan kowa.

A 2021 Dokta Maina, da taimakon gwamnatin jiharsu, ya buɗe cibiyar bincike, BioRTC, a Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, aka kawo manyan madubai, ana koyar da matasa, ana kuma binciken ciwon mantuwa a jikin mutanenmu. Rigakafi ma ya ci gaba: a 2020 aka tabbatar shan inna na daji ya ƙare a Nijeriya, a 2024 kuma ita ce ƙasa ta fari da ta fara sabuwar allurar sanƙarau mai kare iri biyar.

A nan ƙofarmu, jami'ar da aka kafa a 1981 domin fasaha, a 2021 ta zama Jami'ar Modibbo Adama mai koyar da kowane fanni har da likitanci, babban asibitin tarayya na Yola kuma ya zama asibitin koyarwarta. Gini ya samu. Masu cika shi kuwa yanzu suna zaune a kan benci a gabanmu.

RABON MALAMIN MAKARANTA

Rabonmu kashi uku ne. Na fari, mu san abin yi in yaro ya faɗi. Ka natsu, ka duba agogo. Ka kawar da benci da duk abin da zai ji masa ciwo, ka sa riga a naɗe ƙarƙashin kansa. Kada ka danne shi. Kada ka cusa cokali ko yatsa ko kome a bakinsa, ba ya haɗiye harshensa, haƙori kurum za ka karya. Kada a ɗura masa ruwa, kada a banka masa hayaƙi. Da fizgar ta lafa, ka juya shi ya kwanta ta gefe, ka zauna wurinsa har ya dawo hayyacinsa. In ta wuce minti biyar, ko ta sāke tasowa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, sai asibiti maza. A gargaɗi iyaye kada ya yi wanka a kogi shi kaɗai, kada ya zauna gab da murhu. Ba mai hana kowa addu'a, amma a haɗa da magani, kada kuwa a yanke shansa sai da izinin likita.

Na biyu, mu zama idon likita. Akwai wata farfaɗiya marar faɗuwa. Yaro ya ƙura ido daƙiƙa biyar ko goma, ka kira bai ji ba, sa'an nan ya ci gaba kamar ba a yi kome ba, sau da yawa a yini. Nawa aka zane a kan rashin kula, alhali ciwo ne? Yaron da ya tashi daga sanƙarau ya daina amsa tambaya, a gwada jinsa kafin a ce masa daƙiƙi. Ka riƙe ɗan littafi, ka rubuta rana da lokaci da abin da ka gani. Likita yana bukatar wannan ƙwarai, bincike kuwa da irin wannan rubutu ya ke farawa.

Na uku, mu yi renon masu tambaya. Yaron da ya ce, "Malam, don me?" kada a ce masa ya cika surutu. A sa ɓawon mangwaro a kwalba, aji su ƙidaya kwanakin da ƙuda zai fito. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, Osuntokun da Maina kuwa duk wani malamin firamare ne ya fara riƙe musu hannu.

Bayan mako guda na tafi gidan su yaron nan da yamma, aka shimfiɗa mini tabarma. Na ce, "Baba, ran nan ka tambaye ni har yaushe. A ba shi zuwa ƙarshen zango, a kai shi asibiti a Yola tukuna." Na gaya masa abin da na karanta. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe tana da magani?" Aka kai shi, aka sa shi a kan ƙwaya. Ni kuma na ɗauki darasi guda na zana wa aji fada da manzanni da ɗan fito.

Ban ce ya warke ba, kuɗin magani kuma kowane wata yana yi wa uban nauyi. Kafin in gama gwajina ya sāke faɗuwa sau ɗaya. Waɗansu sun gudu kamar dā. Amma yara biyu suka ja benci, yarinyar nan da ta hana ni taɓa shi ita ta naɗe ɗankwalinta ta sa masa a ƙarƙashin kai, ta ce, "Malam, duba agogo."

TAMBAYOYI

1. Abu nawa Bahaushe ke kira jijiya? Wanne ne ke kai saƙo?
2. Bayyana yadda saƙo ke ƙetarewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya, da wani misali naka, ban da na fito.
3. Kawo abu huɗu da ke jawo farfaɗiya a ƙasarmu. Wanne cikinsu a ke iya hanawa, ta yaya?
4. Cikin wahaloli shida na masu bincike, wacce ka ga ta fi tsanani? Ba da hujja.
5. Shirya darasin minti 30 ga aji huɗu a kan abin yi in wani ya faɗi, ka gwada shi a gaban abokanka.